Huɗu Bisa Ashirin

Huɗu bisa ashirin.
Da jan biro aka rubuta,
aka kewaye shi kamar bakin rijiya.
Na leƙa, ban hango ruwa ba.

Ni da a Buza ake fara kiran sunana
duk ƙarshen shekara,
ni da Inna ta sayar da tunkiyarta mai ciki
ta cika mini kuɗin mota zuwa Yamai,
yau ga ni a Harobanda, benci na tara,
cikin mutum saba'in, kowa zakaran garinsu.
Ashe zakaru aka tara a akurki ɗaya
a ga mai sauran murya bayan hantsi.

Mushe Tankari ba ya ɗaga murya.
Dama na rubutu, hagu na sharewa,
kafin in kama wutsiyar lissafi
kansa ya ɓace cikin farin alli.
Ya ɗaga zanena sama, ya karkata kai:
"Wannan layin naka, Nomau,
in gada ce, wa za ka fara ɗorawa?"
Aji ya yi dariya. Ni ma na yi,
don haƙori ya fi hawaye arha.

Kuɗin tallafi bai fito ba, wata na uku.
Jika guda nake ja kamar roba
daga Litinin har ta tsinke ran Alhamis.
Dambu da kopto a ƙofar makaranta,
matar ba ta jin Hausa, ni ba Zabarmanci,
amma ta gane yunwa, tana ƙara mini cokali.

Seyni, abokin ɗakina, mai minshari,
shi ya koya mini fofo,
ya koya mini fiƙe fensir ba gaggawa.
In wuta ta ɗauke, mu kwashi takardu
zuwa gindin fitilar bakin titi,
mu da sauro da ƙwarin dare,
kowa da abin da ya zo nema.

Ran Juma'a Inna ta kira:
"Injiniya, famfon unguwa ya lalace,
mun ce a jira ka."
Na ce to.
Na kalli hannuna. Ko ƙusa bai taɓa kwancewa ba.

Sai aka miƙa wa Baba.
Shekara talatin yana gina rijiya a dutsen Adar,
bai san baƙi ba ko na sunansa.
Igiya da tsakuwa, su ne ma'auninsa.
Na ce, Baba, huɗu na ci.
Ya yi shiru har na duba ko kati ya ƙare.
Ya ce, "Gaba nawa ka gina?"
Na ce wata uku ne kawai.
Ya ce, "Rijiyar Tama, gaba goma sha bakwai
ina fid da busasshiyar ƙasa, ana yi mini dariya.
Ka duba igiyarka ta miƙe.
Ruwa ba ya zuwa wurin mai haƙa a karkace."

Da la'asar na taka gada da ƙafa.
Kullum ina wucewa, yau na tsaya.
Tirela ta bi, na ji ƙarfe ya numfasa a tafin ƙafata,
nauyi ya gangara ginshiƙi, ya shige ƙasan kogi.
Kiban nan da Mushe ke zanawa a allo,
waɗanda na haddace ban gane ba,
ga su a ƙarƙashina, suna aiki, ba mai gode musu.
Wani mai kwalekwale ya ɗago ya dube ni,
wataƙila ya zaci faɗawa zan yi.

Na koma ɗaki. Seyni ya ɗora shayi.
Na ciro takardar daga ƙasan katifa,
na miƙe ta da gindin kofi,
na fara daga tambaya ta ɗaya.

Jarrabawa ta biyu, bakwai.
Ban gaya wa kowa ba.
Amma ƙasar da ke fitowa yanzu
ta fara danshi.